Ranar da Sajan Ya Kwanta a Bakin Aiki

Shugaban masu gadin kamfanin sabulu bai taɓa yin aikin soja ba, amma kowa Sajan yake ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba a ƙwace masa. Bai taɓa fita da ko gutsuren sabulu a aljihu ba, bai kuma bar wani ya fita da shi ba. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ya ɗauka taurin jiki shi ne mutunci. A wurinsa mai gadin da ya zauna ya fara lalacewa, wanda ya jingina da bango ya yi nisa, wanda kuwa aka kama a kwance tasa ta ƙare. Mataimakinsa, wani siririn mutum da ake kira Dogo, ya taɓa miƙe bayansa a kan kwalaye saboda ciwon ƙugu. Sajan ya mayar da shi ƙofar baya, inda ruwan wankin injina ke kwarara, ya bar shi can yana shaƙar wari har sai da fatarsa ta koɗe. Dogo ya dawo, amma bai manta ba.

Autar Sajan tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Aikin da malaminta ya ɗora mata kafin a sallame ta shi ne ta auna bugun zuciyar mutane masu ƙoshin lafiya, maza da mata, kowanne a kwance, sannan a zaune, sannan a tsaye. Ba saurin bugun kaɗai take nema ba. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu take bi, domin zuciyar lafiyayye ba agogo ba ce. Wani bugun yakan ɗan yi sammako, wani ya ɗan makara, kuma wannan ɗan sassauci yakan ƙaru ko ya ragu gwargwadon yadda mutum ya ajiye jikinsa. So take ta gano wane rabo ne na kwanciya da tsayuwa a cikin lamarin, wane rabo ne kuma na zama namiji ko mace.

Ma'aikaciyar jinyar kamfanin, wata dattijuwa mai kaifin baki da kowa ke kira Sista, ita ta nema wa yarinyar izini a ofis, ta kuma ba ta aron ɗakin shan magani. Ɗan ƙaramin ɗaki ne: gado ɗaya mai shimfiɗar roba, kujera, sikeli, kabad ɗin magani, fanka mai kuka, sai taga guda da ke kallon babbar ƙofar kamfanin.

Matan da ke shirya sabulu a kwali ba su ba da wahala ba. Suka zo, suka kwanta, suka zauna, suka tsaya, suka koma bakin aikinsu, wasu ma suna tambayar ko akwai zagaye na biyu, domin sun daɗe ba su sami wanda ya ce su kwanta su huta ba. A wajen maza aka sha fama. Wannan mashayin taba ne, wancan hawan jini, wancan ciwon sukari da yake ɓoye wa matarsa. Direbobi kuwa da suka ga wayoyin na'urar awon sai suka watsa labarin cewa tana zuƙe ƙarfin namiji, kuma abin kunya, magidanta masu furfura suka yarda.

Ranar ƙarshe ta zo, namiji ɗaya ya rage. Malamin Auta ya riga ya gaya mata ba ja: in maza ba su kai yawan mata ba, ba zai ko buɗe aikin ba, ta jira baɗi, ƙawayenta su fita su bar ta. Na'urar kuma ta aro ce. Motar makaranta za ta zo ɗaukarta kafin a tashi daga aiki, domin wani ɗalibin yana jira.

Auta ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi. Sista ta leƙa taga, ta nuna da haɓa.

"Ke da kike da rijiya a gida kike kukan ƙishirwa? Ga ubanki can. Ba taba, ba hawan jini, ba sukari. Mura ma tsoronsa take ji."

"Sista, Baba fa? Ya kwanta? A nan?"

"To ki zauna ki ci gaba da tagumi, baɗi ma ina nan in Allah Ya kai mu."

Auta ta tarar da mahaifinta a inda yake kullum, tsaye ƙyam a gefen ƙofa, hula a daidai gira, usur a wuya, makullai a ƙugu.

"Baba, mutum ɗaya ya rage mini."

"Faɗi sunansa. Yanzu zan sa a kamo miki shi."

"Kai ne, Baba."

Ya dube ta sama da ƙasa kamar baƙon da ya zo ba takarda. Can ya gyara tsayuwa, domin abin ya ɗan yi masa daɗi.

"To ai da kin faɗa tun farko, da ba ki ɓata lokaci a kan ragwaye ba. Kawo na'urar nan ki auna."

"Ba a nan ake yi ba. Kuma da kwanciya ake farawa."

"Da me?"

"Kwanciya, Baba. 'Yan mintuna ne kawai."

"Auta, kin san inda kike kuwa? Rana tsaka, cikin kaki, a bakin aiki? Ni da na kori mutane a kan haka? Bari a tashi, in mun je gida in kwanta miki har gobe."

"Kafin a tashi an zo an ɗauke na'urar."

"To auna ni a tsaye sau uku, ki rubuta ɗaya kwance, ɗaya zaune."

"Ƙarya ke nan, Baba."

Nan ta kama shi, domin shi ya koya mata ƙin ƙarya, da bulala ma. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba. Ta ce, "Shi ke nan, Baba. Baɗi ma shekara ce." Ta juya. Ba ta kai rabin tsakar kamfanin ba ta ji ƙarar manyan takalmansa a bayanta.

A ɗakin shan magani Sista ta karɓe shi da murmushin da bai yi masa daɗi ba.

"Maraba da manyan baƙi. Cire hula, kwance bel, cire takalmi."

"Takalmi kuma? Zuciyar a ƙafa take?"

"A wuyan hannu da idon sawu ake maƙala wayoyin. Cire, Sajan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya cire. Takalman suna ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa, amma safar da ke ciki ta ga duniya. Babban yatsa a waje, diddige a waje, abin da ya rage bai fi igiya ba. Sista ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

"Ikon Allah. Waje fes, ciki fanko. Haka ku maza kuke."

"Wanda ke duba aiki takalmi yake gani, ba safa ba."

Kafin nan labari ya zaga. Masu gadi uku sun bar wurarensu sun liƙe a taga, Dogo a bayansu yana leƙe ta saman kawunansu ba sai ya yi ɗage ba. Abin nema ya samu. Ba zan yabe su ba: barin bakin aiki don kallon wulaƙancin na gaba halin banza ne. Amma wanda ya shuka ƙaya kada ya yi mamakin abin da ya tsiro.

Sista ta goge masa wuyan hannu da auduga, ta maƙala wasu 'yan ƙarafa masu kama da abin maƙale shanya, ta haɗa wayoyin da wata na'ura da ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Auta ta buɗe kwamfuta. Wani layi ya fara tafiya a fuskarta, yana tsalle duk bugu.

"Kwanta, Baba. Ka saki jiki, ka yi numfashi yadda ka saba. Ba magana, ba motsi, ba barci."

Sajan ya kwanta kamar an kwantar da katako. Diddige haɗe, hannaye manne a cinya, haɓa sama, wuyansa bai ko taɓa matashi ba.

"Sajan, gado ne fa, ba fareti ba," in ji Sista.

"A sake nake."

"In wannan ne sakewa, Allah Ya raba mu da ƙamewarka."

Ya juyo da ido kawai, bai juya kai ba. "Auta, su matan me kika gani a nasu?"

"Ban gama lissafi ba, Baba. Tasu dai takan ɗan fi ta maza sauri. Da suka kwanta kuma tazarar bugun ta riƙa sauyawa sosai, da suka miƙe ta ragu."

"Na sani! Ba sai da na'ura ba. Zuciyar mace ai ba ta zama wuri ɗaya. Yau nan, gobe can. Yanzu za ki ga ta namiji."

Ya ja iska ya cika ƙirji, ya riƙe. Fuskarsa ta kumbura, jijiyar goshinsa ta fito. Nufinsa ya tilasta wa zuciyarsa ta yi tafiyar soja, taku ɗaya, kada ta kauce ko kaɗan a gaban mata. Layin da ke kwamfuta ya rikice, ya hau, ya gangara.

"Baba, numfasa! Me kake yi haka?"

Ya saki iskar da ƙarfi har takardun kan tebur suka motsa. "Ya tafi daidai?"

"Ya lalace. Baba, ba jarrabawa ba ce. Kuma sauyawar nan ba aibi ba ce, alamar lafiya ce. Maza ma da suka kwanta haka tasu ta yi. Zuciyar da ba ta sassautawa ko kaɗan ita ce abin dubawa."

"Ka ji ko?" in ji Sista. "Abin da kake zagin mata da shi, shi ake nema a wurinka. In babu, sai mu rubuta ka cikin marasa lafiya."

Aka ji dariya daga taga. Sajan ya ɗago.

"Wa ke kan ƙofar baya?"

Kawuna uku suka ɓace. Na Dogo bai motsa ba.

Aka sake. Wannan karon ya yarda ya numfasa, kansa ma ya sauka a kan matashi. Fanka tana kuka, layi yana tafiya, Auta ta fara samun natsuwa. Sai wata babbar mota ta danna hon a bakin ƙofa.

Ba Sajan ne ya yanke shawarar tashi ba, jikinsa ne. Shekara da shekaru, hon na nufin tashi, kuma jiki ba ya tambayar dalili. Kafin Sista ta buɗe baki yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ba takalmi, wayoyi na reto a hannayensa, na'urar kuma tana lilo a bakin tebur. Auta ta cafe ta da hannu biyu, ta rungume a ƙirji.

"Baba! Ta aro ce!"

"Motar kaya ce. Sai an duba takardarta."

"Mutum nawa ne a ƙofar, Sajan?" in ji Sista. "Ko duk hotuna ne ka jera?"

Auta ta dubi agogon bango. Rana ta riga ta karkata, inuwar ginin ta kai rabin fili. Uban ya ga inda idonta ya je. Ya tsaya yana shafa gemu, sannan ya faɗi gaskiyar da ta dame shi.

"Matsalar ita ce ina kan aiki. Muddin makullan nan suna hannuna, ƙofar tana wuyana. Mai ƙofa a wuya ba ya kwanciya."

"To sauke ta mana," in ji Sista. "Ba kana da mataimaki ba?"

Sajan ya dubi taga. Dogo ya dube shi. An daɗe ba a yi kallo mai nauyin wannan a kamfanin ba.

"Dogo, shigo."

Dogo ya sunkuya ya shigo. Sajan ya ɗauki usur da makullai daga kan kujera, ya ƙame da ƙafafunsa marasa takalmi, ya miƙa.

"Na miƙa maka ƙofa, daga yanzu har in karɓa. Ƙofar gaba lafiya, ta baya lafiya, motar kaya ɗaya tana jira."

"Na karɓa." Dogo ya rataya usur a wuya a hankali, kamar mai gwada sabuwar riga. "Wato yanzu ni ne shugaba?"

"Na ɗan lokaci."

"Kai kuma kana ƙarƙashina?"

"Haka doka ta ce."

Dogo ya gyara murya. "To, mai gadi, kwanta."

Sista ta toshe baki da gefen mayafinta. Umarni ne, daga wanda ke riƙe da makullai, kuma shi bai taɓa ƙin umarni ba. Ya kwanta.

"Saki kafaɗa," in ji Dogo. "Buɗe yatsu. Ƙugun fa, yana ciwo? In yana ciwo akwai kwalaye a sito, sun fi gadon nan laushi, ni na gwada."

"Dogo, ka tuna zan tashi."

"Ba magana, an ce. In na dawo na tarar da kai a tsaye, ƙofar baya za ka."

Ya fita yana kaɗa makullai. Auta ta sake maƙala wayoyin, ta danna. Layi ya kama hanya. Har yanzu zuciyar na gudu fiye da kima, domin mutumin yana tafasa a ciki, amma tana sauka sannu a hankali. Sista ta ja labulen taga.

Sai ga wani hon, gajere, sau biyu. Duk kamfanin an san shi. Motar Manaja ce.

Tun ranar da aka kawo wannan Manaja, bai taɓa shigowa ba sai Sajan ne ya buɗe masa da hannunsa, ya ƙame, ya sara masa har motar ta wuce. Ko ruwa ake, ko zazzaɓi yake. Da wannan yake taƙama a gida, da shi yake yi wa surukansa gori. Yatsun ƙafarsa suka lanƙwashe, cinyoyinsa suka ɗaure. Auta ta ga layin ya zabura. Ta dube shi kawai.

Hon ya sake, wannan karon da tsawo. Ana jin Dogo yana ta laluben makulli, yana gwada wannan yana gwada wancan. Gumi ya karyo wa Sajan. Ya damƙi gefen gado da hannu biyu, ya rufe ido, bai tashi ba. Can aka ji ƙarar ƙofa, mota ta shigo.

Awon dai ya lalace, ko makaho ya ga haka. Auta ta miƙa hannu za ta goge ke nan, sai aka turo ƙofar ɗakin. Manaja ne da kansa, waya a kunne, yana murza goshi.

"Sista, ba ni maganin ciwon kai."

Sajan ya daskare. Abin da ya fi tsoro a duniya ya same shi: ga shi kwance, rana tsaka, ba hula, ba takalmi, ga Manaja a kansa. Manaja ya karɓi ƙwaya, ya kora da ruwa, sannan ya lura da mutum a gado.

"Wannan fa? Hatsari aka yi?"

"A'a, Yallaɓai, awon ɗalibar nan ne da ofis ya ba da izini. Sajan ne."

"Wane Sajan?"

"Shugaban masu gadi. Mai buɗe maka ƙofa kullum."

Manaja ya dubi fuskar da ke kan matashi, ya ɗaga labulen taga ya leƙa bakin ƙofa, ya sake duban fuskar.

"Au. To ba shi ne ya buɗe mini yanzu ba? Na ɗauka mutum ɗaya ne." Ya ɗaga wa gadon hannu. "Sannu, baba. Allah Ya ƙara sauƙi." Ya mayar da waya kunne, ya fita.

Sista ta mayar da maganin kabad, ta rufe a hankali.

Manajan ya yi rashin kyauta, ba shakka. Shugaban da bai san fuskar mai tsaron ƙofarsa ba bai cancanci a tsare masa ita ba. Amma ban wanke Sajan ba. Aikin gadi tsare dukiya ne, kuma ya tsare. Sauran, ƙamewar da sarawar da hana bayin Allah jingina da bango, shi ya ƙara wa kansa, don idon mutumin da bai taɓa ɗago kai daga wayarsa ba. Wanda ya yi wa ido aiki, ranar da ya gane idon a rufe yake, shi ya jiyo.

Sajan ya saki wani dogon numfashi. Hannayensa suka saki gefen gado, ƙafafunsa suka faɗi gefe da gefe, cikinsa da ya shekara yana tsukewa ya fito ya zauna yadda Allah Ya yi shi. Ya ƙura wa silin ido.

"Mutum ɗaya," ya ce a hankali. "Ni da Dogo. Dogo da ya fi ni tsawo da kamu guda."

"Baba," in ji Auta cikin raɗa, "tsaya haka. Don Allah kada ka gyara komai."

Ta bar shi ya ɗan lafa, sannan ta danna. Bugun ya sauka. Layin ya riƙa tafiya cikin natsuwa, in ya ja numfashi tazarar ta matse, in ya saki ta buɗe. A waje wata mota ta yi hon, Sajan ko gira bai ɗaga ba. Sista ta tsaya a kansa tana lura kada baƙin ciki ya zarce da shi barci, domin barci ma ɓata awo yake. Sau ɗaya idonsa ya fara lumshewa, ta ɗan taɓa masa tafin ƙafa da biro.

"Na kwance ya yi," in ji Auta. "Tashi a hankali ka zauna a kujera, Baba. Jingina."

Ya jingina. Mutumin da ya hana kujera shiga ɗakin gadi ya zauna ya bar bayansa a jikin kujera kamar buhun da aka ajiye. Ana tsakiyar wannan aka ƙwanƙwasa. Direban makaranta ne, makullin mota a hannu.

"Na zo ɗaukar na'ura. Sauri nake, akwai cunkoso a hanya."

Sista ta tare ƙofar da jikinta, kuma jiki ne da ke tare ƙofa.

"Shigo in auna maka jini tukuna. Idonka ya yi ja."

"Lafiyata lau, Hajiya."

"Haka na jiya ya ce. Zauna a bencin can, miƙo hannu."

Ta fita da shi baranda, ta naɗa masa abin awon jini, ta riƙa hura shi tana sakewa, tana girgiza kai, tana tambayarsa abin da kakansa ya mutu da shi. Direban da ya zo da sauri ya koma yana tambaya ko akwai abin da ya kamata ya daina ci.

A ciki Auta ta ce, "Saura tsayuwa, Baba. Amma ba irin taka ba. Tsayuwar mai jiran mota."

"Ban san ta ba."

"Raba ƙafa. Saki hannu. Yawwa."

Ya tsaya, kafaɗu a zube. Bugun ya ƙara sauri, tazarar ta matse ta kusa daidaita, kamar yadda ta yi wa duk wanda ya miƙe a ɗakin nan, mace ko namiji. Auta ta zuba wa agogo ido, leɓenta na motsi. Daga baranda ana jin Sista tana cewa, "Bari mu sake gwada ɗaya hannun." Yarinyar ta danna maɓalli na ƙarshe, ta adana, ta buɗe ta tabbatar yana nan, ta sake adanawa a wani wurin. Sannan ta zauna a bakin gado, ta rufe fuska da tafin hannu.

"Ya lalace kuma?" in ji uban.

"Ya yi, Baba. Sun cika."

"Za ki fita bana?"

"In Allah Ya yarda."

Ya gyaɗa kai. Ya zauna ya fara saka safarsa, yana juya ta don ramin ya koma ƙasa. Auta ta naɗe wayoyin, ta saka na'urar a jakarta, ta miƙa wa direban, wanda ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙirjinsa.

"To me ta nuna?" Sajan ya tambaya yana ɗaure takalmi. "Na fi matan?"

"Ba a fi, Baba. Da ka kwanta ta sake, da ka tashi ta ɗaure. Sai na haɗa na kowa kafin in san inda maza suka bambanta da mata. Kai dai lafiyarka ƙalau, irin ta mutum mai shekarunka."

"Irin ta kowa ke nan."

"Irin ta kowa."

Ya ɗan ɓata fuska, amma ya haɗiye. Ya ɗauki hula ya kaɗe.

"A littafin naki, ki rubuta sunana daidai. Cikakke, da muƙamina. Yau na ga abin da rashin sanin mutum ke jawowa."

"Ba a sa suna, Baba. Lamba ake ba kowa."

"Lamba? Duk wannan wahalar, lamba?"

"Doka ce. Sirrin mutane ne. In na sa sunanka, malamina zai mayar mini da aikin."

Sajan ya tsaya da hula a hannu. Sista, da ta dawo tana naɗe abin awon jini, ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu.

"In doka ce, a bar ta. Kada ki sa." Ya ɗora hular, ya daidaita ta. "Amma in malamin naki ya tambaya wane ne na ƙarshen nan, ba laifi ki ce masa babanki ne."